Filin Amsa Wasiƙu: Batir da Zafin Bazara, Akwatin Ƙyanƙyasa, da Sauran Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun wannan wata kusan duk zafi ne ya kawo su. Daga Afrilu zuwa Mayu ma'auni yakan wuce digiri 40 a inuwa a Yamai da Tawa, kuma abin da jikin mutum yake ji, batir da salula ma suna ji. Mun ɗauki biyar, mun taƙaita tambayoyin don amsa ta samu wuri.

Daga wani magidanci, Tawa: Ina da panno (farantin wutar rana) ɗaya mai wat 150, batir mai 12V 100Ah, regilata (mai daidaita cajin batir daga panno) da inbata. Ina kunna ƙwan fitila huɗu, fanka ta tsaye, talabijin, muna kuma cajin salula uku. Da farko wuta tana kai mu asuba, yanzu kafin sha biyun dare inbata ta fara kuka. Batirin wata bakwai kawai ya yi. Jabu aka sayar mini?

Malam, kafin a ɗora wa mai shago laifi, ɗauko takarda mu yi lissafi tare. Kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a jikinsa. A ninka wat da yawan awannin da yake aiki, shi ne abin da ya ci a yini. Ba ka faɗa mana lambobinka ba, don haka za mu ɗauki waɗanda aka fi gani, kai kuma ka gyara da naka. Ƙwai huɗu masu wat 7 na awa 5 sun ci 140. Fanka ta tsaye mai wat 55 ta awa 8 ta ci 440. Talabijin mai wat 40 na awa 4 ya ci 160. Salula uku, a ce 45. Jimla 785. Inbata ita ma tana cin nata rabo wajen juya wutar batir zuwa 220V, kusan kashi 15 cikin ɗari, sai lissafin ya haura 920.

Yanzu dubi rumbun. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1200, wato 12 sau 100, amma batirin dalma ba a kwashe shi ƙarƙaf. Rabi kawai ake taɓawa idan ana so ya daɗe, wato 600. Ka ga tun nan an ci bashi. Sannan dubi mai zubawa cikin rumbun: wat 150 da aka rubuta a bayan panno awo ne da aka yi a digiri 25. A kan kwanon rufi da tsakar rana fuskar panno takan kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Digiri 40 na ƙari ya tafi da kusan kashi 16. Ƙara ƙura, ƙara asarar waya da ta caji, abin da ya rage bai fi kashi 70 ba. Wat 150 sau awa 5 na rana mai ƙarfi sau 0.7 ya ba da 525. Kana zuba 525, kana ɗibar 920. Watannin farko batirin da ajiyarsa ya riƙa cike giɓin, ya kwana a ƙasa, ya wuni bai cika ba. Batirin dalma da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa ya ƙi narkewa, wurin ajiyar wuta ya yi ta raguwa. Zafi kuma yana gaggauta lalacewar: ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu.

Ga yadda za ka san halin da yake ciki. Nemi mitar gwaji, wadda masu gyara ke kira miltimita, ka juya ta zuwa 20V na wutar batir. Bari batirin ya yi caji yini guda ba tare da an kunna komai ba, da magariba ka cire masa duk wayoyi, ya huta awa uku ko huɗu, sannan ka auna. 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. 12.2 rabi ne. Idan ka ga wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, domin kowane ɗaki bolt 2.1 yake bayarwa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Idan ya nuna 12.6 amma da ka kunna fanka ya faɗo ƙasa da 12 cikin ƴan mintuna, gishirin nan ya riga ya cinye shi.

Gyara mafi araha a wajen fanka yake, don ita ce ta ci fiye da rabin wutar gidanka. Fanka mai aiki kai tsaye da 12V takan ci wat 15 zuwa 20, kuma ba ta bi ta inbata. Awa 8 ya zama 160 maimakon 440, jimlar gidan ta sauko wajen 505. Idan ƙwayayen ma ka mai da su na 12V, sai inbata ta zama ta talabijin kaɗai, ka kashe ta da an gama kallo, domin ko babu abin da ke jone tana shan wuta. Bayan haka ka ƙara panno na biyu irin na farko, ja da ja, baƙi da baƙi. Biyun za su turo kusan ampa 17, saboda haka regilata mai 10A ba za ta ɗauka ba, nemi mai 30A.

Waya kuma, a nan mutane da yawa suke zubar da wutar da suka saya da tsada. Siririyar waya mai kauri 1.5mm², idan tsakanin panno da regilata mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, a ampa 10 tana cinye kusan bolt 1.2. A tsarin 12V wannan kashi ɗaya cikin goma ne, kuma shi ne bambancin batirin da ya cika da wanda bai cika ba. Mai kauri 6mm² a wannan nisa ba ta cin fiye da 0.3. Ka tabbata jan ƙarfe ce zalla: kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya fito daga ciki, sanholo ne aka shafa wa ja. Sa fiyus a kan jar waya dab da kan batir. Wajen haɗawa batir ake fara jona wa regilata, sannan panno. Wajen kwancewa panno ake fara cirewa.

Panno ya fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15, daidai da inda Tawa take a saman layin tsakiyar duniya, a bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. A goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Batir ya zauna a ɗaki mafi sanyi mai shan iska, nesa da murhu, don yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Idan mai murfi ne, a duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir har ya rufe farantai. Ruwan rijiya ko na famfo yana kashe shi, asid kuma ba a ƙarawa. In za ka sayi sabo, kada ka haɗa shi da tsohon, kuma kada ka ɗauki batirin mota, wanda aka ƙera don bugu ɗaya mai ƙarfi na tada inji. Mai hali ya duba na litiyom da aka rubuta wa LiFePO4: ana iya ɗibar kashi 80 nasa kullum, amma sai regilatar tana da saitin litiyom.

Daga wata ƴar kasuwa, unguwar Bukoki, Yamai: Salulata tana zafi sosai idan tana caji, cajin ba ya sauri sai na riƙe igiyar da hannu, kuma bayanta ya fara ɗagowa.

Hajiya, abu na ƙarshe da kika faɗa shi ne na gaggawa. Bayan salula ba ya ɗagowa haka kawai, batirin ne ya kumbura da iskar da ta taru a cikinsa. Daina yi mata caji daga yau, kada ki danne murfin, kada a huda batirin da allura wai don iskar ta fita, domin batirin litiyom da aka huda yana iya kamawa da wuta nan take. Kashe ta, ki ajiye a kan siminti nesa da katifa da tufafi, a kai wa mai gyara ya sa sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon. Tsohon kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta.

Batirin salula an yi shi ya karɓi caji tsakanin digiri 0 da 45. A rumfar kwano da azahar iskar kanta ta kusa kai nan, ga zafin caji, ga rigar roba ta rufe ta, wani lokaci ma ana kallon bidiyo a kai. Idan sabon ya shiga, ki riƙa yin caji da safe ko da dare, a cire rigar, a ajiye ta a fili a kan tebur, ba ƙarƙashin matashi ko cikin jaka ba. In ta kai wajen kashi 80 ko 90 a zare, kuma kada a bari tana mutuwa kullum.

Riƙe igiya da hannu kuwa yawanci ƙura ce. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna dunƙulewa a ƙasan ramin caji, kan igiyar ya kasa shiga har ƙarshe. A kashe salular, a haska ramin da tocila, a sa tsinken sakace na itace da aka fiƙe a kwaso dattin a hankali ta gefe-gefe, ba tare da an tura harshen da ke tsakiya ba. Ban da allura ko wani ƙarfe. In an share bai canza ba, a gwada wata igiya kafin a zargi kan cajar, don igiya ta fi saurin karyewa daga ciki.

Daga wani ɗalibin lise, Tawa: Ina haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwan zabbi da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni), ma'aunin zafi DS18B20, rile (makunnin da Arduino ke sarrafawa), da ƙwan fitilar mota biyu masu wat 21 a kan batir 12V. Rile yana ta ƙaf-ƙaf ba tsayawa, Arduino yana sake tashi da kansa, wani lokaci allon ya nuna -127 ko 85.

Ƙanenmu, madalla da wannan aiki, kuma yadda ka jera alamomin ya sauƙaƙa amsa. Matsaloli uku ne daban-daban.

Lambobin nan biyu saƙo ne. -127 na nufin Arduino bai ji ma'aunin ba sam: waya ta saki, ko babu rezista mai 4.7k tsakanin wayar saƙo da ta wuta. A irin mai doguwar igiya, ja ita ce 5V, baƙa ita ce ƙasa, rawaya ita ce saƙo, rezistar tana shiga tsakanin rawaya da ja. Za ka gane ta da zobenta: rawaya, shuɗi mai ja-ja irin na makuba, sannan ja. 85 kuwa ita ce lambar da ma'aunin yake tashi da ita kafin ya yi awon farko. In ta bayyana a tsakiyar aiki, wutarsa ce ta yanke na ɗan ƙiftawa, ko an karanta shi kafin ya gama, domin awo ɗaya yana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa. Ka like wayoyin da dalma. Allon gwaji mai ramuka ba ya jure makonni huɗu cikin zafi da laima.

Hatsarin -127 ya wuce na allo. Idan umarninka ya ce "in zafi bai kai 37.5 ba a kunna", to -127 ma bai kai ba, ƙwan fitilar za su zauna a kunne har su dafa ƙwan zabbin. Dole a fara da tace lambar banza. Ƙaf-ƙaf ɗin rile kuma daga iyaka ɗaya da ka sa ne: zafi na rawa tsakanin 37.4 da 37.5, rile na bin sa. Sa iyaka biyu da tazara tsakaninsu:

if (zafi < 10 || zafi > 60) digitalWrite(8, LOW);
else if (zafi <= 37.4) digitalWrite(8, HIGH);
else if (zafi >= 37.8) digitalWrite(8, LOW);

Tsakanin 37.4 da 37.8 ba a taɓa komai, rile ya huta. Lura cewa da yawa daga allunan rile da ake sayarwa a haɗe da LOW suke kunnuwa. Gwada naka da kunne, in haka ne ka musanya kalmomin biyu.

Sake tashin Arduino daga wuta yake. Ƙafarsa ɗaya ampa 0.02 aka so ta bayar, 0.04 ita ce iyakar da in an wuce ta lalace, alhali naɗin ƙaramin rile mai 5V yana jan kusan 0.07. Idan rile tsirara ka jona a ƙafar, sa taransista 2N2222 a tsakani, da rezista 1k daga ƙafa ta 8 zuwa ƙafarsa ta tsakiya, sannan diyod 1N4007 a gicciye kan naɗin, zobensa na fuskantar ɓangaren ja. Diyod ɗin ne ke shanye bugun da naɗi yake mayarwa duk lokacin da aka yanke masa wuta. Hanya mafi tsabta ita ce a bar rile gaba ɗaya a sa taransista IRLZ44N, wanda ba shi da abin motsi balle ya gaji. Duba harafin da kyau a shago: IRFZ44N ya fi yawa a kasuwa, kamarsu ɗaya, amma 5V ba ta buɗe shi sosai, sai ya yi ta zafi. Ƙwan mota biyun suna jan ampa 3.5, kuma a daƙiƙar kunnawa suna fizgar ninkin haka sau da yawa saboda zarensu na sanyi. Ja musu tasu wayar daga kan batir kai tsaye, da fiyus mai 10A. Shi kuma Arduino kada ka ba shi batirin da panno ke caji ta ƙafar Vin, domin lokacin caji yana kai 14.4, ya wuce 7 zuwa 12 da aka shawarta, ƙaramin mai rage wutar da ke kan allon ya yi zafi ya yanke. Sa allon LM2596 mai rage wuta, ka murɗa ɗan sukurunsa kana aunawa da mita har ya nuna 5.0 daidai, sannan ka jona a ƙafar 5V.

Akwai abin da umarni ba zai iya ba. Akwatinka dumamawa kawai ya sani. Ranar da ɗakin ya kai digiri 42, fitila a kashe take amma ƙwai na cikin haɗari, don awanni kaɗan sama da digiri 40 suna kashe ɗan tayi. Ajiye akwatin a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, a ƙasa, nesa da taga, ka rataya jiƙaƙƙen buhu kusa da shi da rana. Sa ƙaramar fankar kwamfuta mai 12V a ciki tana juyawa dare da rana don zafi ya bazu, ma'aunin kuma ya tsaya daidai tsayin saman ƙwai. Faranti na ruwa a ƙasa zai riƙe laima wajen kashi 50 zuwa 55, a ɗaga ta zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Juya ƙwai sau uku ko biyar a yini, ka yi musu alama da fensir a gefe biyu. Na kaza kwana 21 ne, a daina juyawa a na 18. Na zabbi 26 zuwa 28, a daina wajen na 24 ko 25. Tunda zabbi da damina suka fi saka ƙwai, kana da lokacin da za ka bar akwatin ya yi kwana uku yana aiki babu ƙwai, da ma'aunin zafi na asibiti a ciki kana gwada shi da abin da allo ke nunawa.

Daga wata ɗaliba, Harobanda, Yamai: Ba ni da kwamfuta, ina koyon Python a salula. Na rubuta ɗan shiri mai mai da kuɗin sefa zuwa jika da dala, yana ba ni TypeError.

Ƙanwarmu, salula ta isa a fara, da manhajar Pydroid 3 ko Termux. Kuskuren daga input yake: duk abin da aka buga, rubutu yake mayarwa, ko da lamba ce. A wajen Python "500" da "500" in an haɗa su "500500" ne, kuma rubutu ba ya rabuwa da 5. Juya shi zuwa lamba tukuna:

kuɗi = int(input("Sefa nawa? "))
jika = kuɗi // 1000
dala = kuɗi % 1000 // 5
print("jika", jika, "da dala", dala)

Buga 2750, zai ce jika 2 da dala 150. Alamar // tana raba lamba ta watsar da ɓurɓushi, % kuma ragowar take bayarwa. Python 3 yana karɓar ɗ da ƙ a sunaye, ba sai kin canza su ba.

Wani tarko yana jiran duk wanda ya yi lakwal da Faransanci. Mun saba rubuta 37,5 da waƙafi, Python kuwa ɗigo ya sani. In kin rubuta x = 37,5 ba zai yi ƙorafi ba, zai ɗauka lambobi biyu ne, 37 da 5, sai lissafi ya karkace can gaba. In mai amfani da shirin ne zai buga, rubuta float(input().replace(",", ".")) don ya karɓi duka biyun. Layin da ke ƙarƙashin if ko for kuma a tura shi ciki da tazara huɗu, iri ɗaya ko'ina, sannan ki kashe gyaran kalmomi na allon rubutu, don yana mai da print zuwa Print.

Daga wani tela, Yantala, Yamai: An kira ni an ce an turo mini lamba shida bisa kuskure, in karanto. Na karanta, WhatsApp ɗina ya fita daga hannuna.

Maigida, Allah ya kiyaye gaba. Lambar nan mabuɗin asusunka ce, wanda ya kira shi ya nemi a turo ta don ya buɗe asusun a tasa salular. Layinka yana hannunka, don haka sake shigar da lambar wayarka a WhatsApp, sabuwar lamba shida za ta zo ta saƙo, da ka sa ta an fitar da shi. Idan ya riga ya ɗaura nasa lambar sirri ta mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi an riga an kore shi tun lokacin da ka sa lambar saƙon. Yanzu-yanzu ka sa a sanar da dangi da masu kawo ɗinki kada kowa ya tura kuɗi da sunanka.

Da ka koma ciki, shiga Paramètres, sannan Compte, sannan Vérification en deux étapes, ka zaɓi lamba shida da ba shekarar haihuwarka ba, ka ƙara adireshin imel don ranar mantuwa. Leƙa Appareils connectés kuma, ka fitar da duk na'urar da ba ka gane ba.